Kwanon Rumfar Baba

Daren da iskar farkon damina ta kayar da darbejiyarmu,
inuwa ta tattara kayanta ta bar tsakar gida.
Baba ya koma ɗaki, ya zauna a bakin gado,
idanun da yana ta rufe tun bara waccan
suna kallon bango kamar akwai taga.

Na ce a kafa rumfa.
Sadisu mai walda ya zo da tef a aljihu,
ya auna daga bakin rijiya zuwa jikin madafi,
ya dasa ƙafafu huɗu na ƙarfe, ya gitta wasu a sama,
ya karkaɗe hannu ya ce,
"Saura hula. Sai ki shiga Ƙofar Ruwa."

Ƙofar Ruwa, ran Talata, gab da azahar.
Rodi a kwance dami-dami kamar rake,
'yan dako na ihun a ba su hanya.
Alhaji Namadi ya jawo mini benci,
ya shiga jero hajarsa
kamar mai kirga jikoki:

"Wannan alminiyon ne, dogo, babu gaɓa,
tsatsa ba ta san gidansu ba.
Ga shuɗi, ga kore, ga ja irin ƙasar Dala.
Wancan mai tsakuwa a gadon baya
shi ake kai wa manyan gidajen Nasarawa,
ruwa ya kwana yana dukansa, ko tarinsa ba kya ji.
Na jinginen can kuwa, kwanon da ne,
siriri kamar alkawarin tela.
Rana ta gasa shi, shi kuma ya gasa ki,
damina biyar ya yi jan ido."

Na latsa kauri da yatsa, na tambayi geji,
na kasa albashina na koyarwa a bayan rasit,
bai kasu ba.
Na roƙi guntu uku na gwaji, na tari adaidaita.

Bayan isha na zube su a gaban Baba.
Bai tambayi kuɗi ba, balle launi.
Ya ce, "Tabawa, miƙo buta."
Ya ɗaga hannu sama, ya tsiyaya a kan na farko,
ya amsa ciki-ciki, kamar baƙo mai kunya.
Na biyu, bebe.
Na ukun ko, da ɗigon farko ya buɗe baki,
ratata, ratata, har kaji suka motsa a akurki.

"Wannan," in ji Baba.

Na ce, Baba, zafi.
Ya ce, "A ɗaga shi sama, iska ta ratsa."
Na ce, Baba, tsatsa.
Ya ce, "Ni ma na yi, kin yar da ni?
Mai ido yana hango hadari tun daga Hotoro.
Ni sai an ba ni labari.
To, a sama mini rufin da zai faɗa mini da bakinsa."

Sadisu ya buga ƙusoshi yana girgiza kai,
wai ƙarfe na zamani, hula ta kakanni.

Yanzu ga mu a tsakiyar Agusta.
Baba na kan kujerar roba, carbi a cinya,
kunne a sama.
"Wannan yayyafi ne, kada ki kwashe shanya.
A'a, tsaya. Ya sauya murya. Ruga!"
Ina gudu, yana dariya da sauran haƙoransa.

Ƙusa ɗaya ta kuskure, can wajen kusurwa,
tana ɗiga.
Na ce gobe zan kira Sadisu.
Baba ya ce in tara tsohon kwanon sha, in ƙyale yaro.

Kwano a sama, kwano a ƙasa,
babba na zuba, ƙarami na amsawa,
shi kuma a tsakani,
yana sauraron damina har ta gama maganarta.